Rasuwar Kwamfutata Mai Rufin Asiri

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta maƙil, ni mai shagon hoto na saman bene nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tsohuwar kwamfutar shagona, bayan gajeriyar jinyar da aka ɗora mata da gangan.

Marigayiya ta rayu da kamun kai. In na kunna ta da safe takan ce "ɗiiit", ta ja numfashi "huuuu", sannan ta kama aiki ba ƙorafi. Ni ba na riƙe sunan mutane, don haka hotunan kowa da laƙabin da na raɗa masa a zuci nake ajiye su. In na rubuta "Murmushin Dole" a ɗan akwatin bincikenta na kusurwa, sai ta miƙo min hotunan shiru, daga ni sai ita. Ba ta taɓa kai zancena waje ba.

Cutar ajali ta shigo ta hannun mijin ƙanwata, mai gyaran waya da ke ganin kansa injiniya. Na fita cin abinci, na dawo na tarar wai ya sabunta ta. Tun daga ranar bakinta ya ɓalle. Duk abin da na rubuta sai ta aika intanet, ta kwaso surutun duniya ta baza a allo. Na nemi inda ake kashe wannan hali, na shiga saiti na fita saiti har idona ya yi ja, ban samu ba.

Ana cikin haka shugaban makarantar da ke ba ni aikin hoton ɗalibai duk shekara, aikin da ke riƙe da shagon nan, ya zo karɓar nasa. Ya tsaya a bayana yana fifita da hularsa. Hannuna ya riga hankalina, na rubuta "Sanƙo". Nan take allo ya cika da kawuna masu sheƙi, da man tsirar da suma, da asibitin dashen gashi. Bawan Allah ya mayar da hularsa a hankali, ya sauka daga bene. Hoton ɗalibai na bana wani ne ke ɗauka.

Mijin ƙanwata ya dawo ya rantse zai tumɓuke cutar daga tushe. Ya tumɓuke har da ranta.

Ta rasu ta bar firinta mai tari, da maus, da kibod mara harafi ɗaya, da ni. Su kuwa masu ƙera manhajarta, waɗanda suka koya mata tsegumi suka ɓoye maɓallin hana ta, ban yafe ba. Ina musu fatan duk abin da suka raɗa a ɗaki, a wayi gari maƙwabta na maimaita shi a bakin titi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa. Mijin ƙanwata ne zai sauko da gawa a kansa, ba mai kama masa. Ana kuma sanar da shi cewa hotunan bikinsa, waɗanda ba su da kwafi a ko'ina, suna cikin marigayiya, kuma tare za a binne su. Bayani ga ƙanwata, wannan aikinsa ne.