Amarya Ta Taga

Ranar da za a kai amaryar ƙanena daga Kafin Maiyaki zuwa Tudun Wada, na rantse ba motar da za ta shiga sai tawa. Tsohuwar motar alfarma ce da ta girme ni, wadda gyaranta ya riga ya cinye min gonar rake guda. Bakanike ya ce makullin ƙofofinta da iska yake aiki, kuma tiyon ya tsage, sai an aiko da wani daga Legas. Na ce masa motar manya ba ta kunyata mai ita.

Muka isa ƙofar gidan ango, mata na ta guɗa. Na tura ƙofa cikin ƙasaita, ta ƙi buɗewa. Duka huɗun suka ƙi. Gwaggo Ladi, da ke riƙe da amarya a baya, ta ce, "Ɗan nan, gidan miji muka kawo ta ko gidan yari?"

Ta taga aka zaro amarya da lulluɓinta, sannan Gwaggo, sannan ni, bayan na tuɓe babbar riga.

Yanzu amaryar nan 'ya'yanta uku, babu wanda ya san sunana a cikinsu. Baba Taga suke ce min, har a gaban surukaina.