Bindigar Roba da Man Takalmi

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da na tashi fitar da 'yata kunya a makarantarsu ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kamar in kama kunnena da kaina in murɗe, don wallahi babu wanda ya aike ni.

Bari in fara daga tushe. Shekara goma sha huɗu na yi ina aikin ɗan sanda a gida, har na kai anini biyu a kafaɗa, kuma kusan rabin shekarun nan da ƙaramar bindiga a ƙuguna na yi su. Ni ne ma ake tura wa sababbin ma'aikata in yi musu huɗuba kafin a damƙa musu makami. Sai in harɗe hannu in ce, "Iya harbi ba shi ne ba. Kafin ka rataya abin nan a idon jama'a, tambayi kanka: hankalina a kwance yake? Na san doka? Akwai dalili?" (Ku riƙe wannan, ni ne mai faɗa.)

To, sai matata Hajara, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta samu aiki a wani asibiti a London. Na ajiye kaki muka tattaro. Aikin da na samu shi ne gadi a wani kanti a Old Kent Road. Ko kulki ba a ba ni ba. Oba-oba ta kiran abokan aiki kawai da murmushi. In na ga mutum ya cusa kaya a riga, umarnin da aka ba ni shi ne in roƙe shi ya taimaka ya mayar. Ni! Ni da in na yi gyaran murya a caji ofis sai kowa ya gyara tsayuwa.

Na haɗiye duk wannan, har ranar da 'yarmu Ilham, mai shekara tara, ta dawo daga makaranta idonta jajur. Ashe ta gaya wa 'yan ajinsu babanta ɗan sanda ne, sai wani yaro ya ce ƙarya take, shi ya ga babanta da idonsa a ƙofar kanti yana jera kwanduna. Tun daga ranar suka laƙaba mata maƙaryaciya. Ana cikin haka makarantar ta ware mako guda da iyaye za su riƙa zuwa aji suna bayanin sana'arsu. Ilham ba ta yi shawara da kowa ba ta rubuta sunana: Alhamis, ƙarfe goma na safe.

Ta tsaya a gabana ta ce, da Turancinta da na mayar muku Hausa, "Baba, ka zo da kakinka. Ina so su gani da idonsu."

Na ce, "An gama, uwata. Za su gani."

Ranar Talata na zazzage akwati na zaro kakin. Rigar ta shiga da lallami, wandon kuwa sai da muka yi zaman sulhu ni da shi (shekara uku ina cin burodi da dankalin mutanen nan). Na ɗora hula, na ɗaura bel. A jikin bel ɗin akwai gidan bindigata na fata, wanda na taho da shi don tunawa. Da na dubi madubi sai na ga ya saki baki wayam, kamar bakin tsohon da haƙoransa suka zube. Raina ya ɓaci.

Hajara ta leƙo daga kicin ta ƙare mini kallo ta ce, "Baban Ilham, cire wannan abin na ƙugu. Kakin ya isa. Nan ba gida ba ne."

Na ce, "Ke allura kika sani. Ki bar wa masu kaki harkar kaki."

Ta ɗaga kafaɗa ta koma wurin miyarta. Da a ce a nan na tsaya!

Washegari da na tashi aiki na shiga wani shagon kayan wasan yara na ce a ba ni bindigar roba. Mai shagon ya jero mini su, wata ruwan lemo, wata kore shar, wata shuɗiya kamar bokitin wanka. Na ce babu baƙa? Ya ce babu, duk haka suke zuwa, ya kuma yi mini wani irin kallo. Ni ɗan sandan da ya yi shekara sha huɗu yana tuhumar mutane, ban tsaya na tambayi dalili ba. Tsaki kawai na ja, na ɗauki mai ruwan lemon, ina cewa a raina mutanen nan ko bindigar wasa ba su iya yi ba.

Na iso gida da la'asar, Hajara tana wurin aiki, Ilham tana gidan maƙwabta. Na shimfiɗa jarida a ƙasa, na ɗauko baƙin man takalmi da buroshi, na duƙufa. Shafi ɗaya, lemon yana leƙowa. Shafi biyu, da sauƙi. Na uku na bi shi da abin busar da gashin Hajara. Kai, sai ga bindiga ta fito baƙa ƙirin tana sheƙi. Na zura ta a gidanta, ta zauna daram. Na rantse muku har ƙwalla na ji ta taru mini.

Kuma kada ku ce ban yi tunani ba, wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi. Na tsaya gaban madubi na yi wa kaina tambayoyin nan da nake wa yara. Hankalina a kwance? A kwance. Akwai dalili? Mutuncin 'yata. Na san doka? Na sani mana. (Dokar wace ƙasa? Ban tambaya ba.) Sauran shawara ɗaya: in rufe da kwat ko in fita a haka. Sanyi ake zubawa mai ratsa ƙashi, amma kwat zai ɓoye anini. Na yanke hukuncin cewa na isa, a buɗe zan fita.

Ranar Alhamis Hajara ta sauke Ilham a makaranta ta wuce aikin safe. Tara da rabi na fito, takalmi yana ƙwas-ƙwas. Tun daga ƙofar gidanmu mutane suka fara dare mini hanya. Wata tsohuwa ta ja kekenta na cefane ta manne da bango. Wani mutum ya tsallaka titi da sauri, waya a kunnensa, yana waiwayena. Na ɗaga masa hannu. A cikin bas kuwa, da na zauna sai na ga na kusa da ni sun tashi ɗaya bayan ɗaya sun koma baya, wasu ma sun sauka a tashar farko. Shekara uku ina garin nan ana bangaje ni babu ko sannu, yau ga ni ni kaɗai a kujeru shida. Na miƙe ƙafa na ce a raina, ashe dai Turawa ma sun san girman kaki.

Na isa ƙofar makaranta goma saura biyar. Na danna ƙararrawa, na fuskanci kyamara, na gyara tsayuwa irin ta da, wato hannun dama a ƙugu, babban yatsa a kan gindin bindiga. Muryar wata mata ta fito daga ɗan akwatin bango tana tambayar ko wane ne. Na ce da ita, da muryar fareti, "Na zo wurin yara ne."

Can sai na ji wata ƙara ta tashi a cikin ginin, labulayen tagogi suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Na ce oho, lokacin fita hutun tara ne ko wani abu. Na sake dannawa. Na kuma dannawa. Har na fara faɗa a raina, wane irin rashin tsari ne wannan, a gayyaci mutum a bar shi a tsaye cikin sanyi?

Sai ga motoci uku sun sha kwana sun ci burki. 'Yan sanda suka dirgo da manyan bindigogi, irin waɗanda tunda na zo ƙasar ban taɓa gani a hannunsu ba sai a filin jirgi. Suna ta ihu a ajiye makami. Ni kuma, kun san me na yi? Waiwayawa na yi bayana in ga inda ɗan ta'addan yake. Har na taka mataki biyu wajensu, da niyyar in gabatar da kaina a matsayin abokin aiki in ji ko akwai inda zan taimaka.

"Kai! Kai mai hula! Hannu sama! Kwanta!"

Innalillahi. A nan ne kaina ya waye, gaba ɗaya, kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na ɗaga hannu, na durƙusa, wandon nan da muka yi sulhu da shi ya warware yarjejeniya ta baya, ɓaaat. Na kwanta rub da ciki a kan jiƙaƙƙen siminti, kumatuna a ƙasa, hulata ta gangara kwata. Ina ta faɗin, "Roba ce! Ta wasa ce! Ni ma ɗan sanda ne!" Babu wanda ya kula ni. Sai da suka sa mini ankwa, sannan ɗayansu ya zare bindigar a hankali da safar hannu. Ya juya ta. Ya dubi safarsa ta yi baƙi. Ya kai hanci ya shinshina. Inda yatsansa ya goge, ruwan lemon yana leƙowa.

Ya ce, "Man takalmi ka shafa mata?"

Na ce, "Sau uku."

Har gobe ban san abin da ya sa na faɗi adadin ba. Ko yabo nake jira, oho.

Sai bayan la'asar suka sake ni. Sun ga takardar gayyatar makarantar a wayata, sun yarda ba mugu ba ne ni, sakarai ne kawai. Wani jami'i da na girme shi da aƙalla shekara goma sha biyar ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla cewa da gangan ake yin bindigogin wasa da launi mai ɗaukar ido don kada a ɗauke su na gaske, kuma mayar da ita baƙa da na yi laifi ne mai zaman kansa. Ya ce in gode wa Allah da na ɗaga hannu da wuri. Aka rubuta mini gargaɗi na sa hannu. Ina zaune ina "yes sir, yes sir," rigar wani a ɗaure a ƙuguna saboda wando.

Hajara ce ta zo ta tafi da ni, da kayan aikinta a jiki. Na shirya wa faɗa, na ma tanadi amsoshi. Muka hau bas har gida. Sai a bakin ƙofa ta tsaya, mukulli a hannunta, ta ce, "Ka san abin da malamar su Ilham ta gaya mini?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Minti arba'in yaran nan suka yi a ƙarƙashin tebur. An ce musu akwai mai bindiga a ƙofa. Wasu suna kuka. 'Yarka ce take bin su da raɗa tana cewa kada su ji tsoro, babanta ɗan sanda ne, ƙarfe goma zai iso, shi zai kama mutumin." Ta murɗa mukullin. "Da aka ɗaga labule, lokacin ake tura ka mota. Kowa ya gani."

Wallahi da mari ta sharara mini da ya fi sauƙi. Na shiga na tarar da Ilham a kan kujera ta haɗa kai da gwiwa. Na tsuguna na ba ta haƙuri da Hausa, na maimaita da Turanci. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi fushi ba. Ta ce abu ɗaya take roƙo: in zan zo ɗaukarta daga makaranta, in riƙa jiranta a kwana, wajen akwatin wasiƙa, kada in ƙaraso ƙofa.

Na ce to. Me zan ce?

Darasin da na koya ba mai tsawo ba ne. Yarinyar nan uba take nema ya shigo aji ya ce gaskiya ta faɗa, aikin minti goma, da hannu a aljihu ma da na gama shi. Sauran duk don kaina na yi. Ranar da ka ji kana ɗokin mutane su ga abin da ke ƙugunka, to ranar ce ya kamata ka bar shi a gida. Wata biyar ke nan ina tsayuwa a kwanar nan ƙarfe uku da kwata, in ruwa ya sauko a kaina yake ƙarewa, kuma har yanzu ban samu ƙarin girma zuwa bakin ƙofa ba.