Sanyi a Leɓe, Famfo a Bushe

Jiya awa uku na yi a layi, rana tana dukan ƙeyata, don an ce Mai Girma Sarkin Yanke Zare zai kawo ƙarshen matsalar ruwa a unguwarmu. Sati bakwai ke nan famfonmu ko tari bai yi ba. Har jarka biyu na ɗauka, da yake ni mutum ne mai kyakkyawan zato.

Da layi ya zo kaina, wani ma'aikaci ya miƙo mini 'yar na'ura kamar marfin kwalba, ya ce in manna a leɓe. Na manna. Sai ta kama motsi zir-zir, ga wani sanyi-sanyi, wallahi kamar ka kafa baki a kofin ruwa. Na haɗiya, na ji iska ce.

Na ce, "Malam, ina ruwan?"

Ya ce, "Bincike ya nuna daga leɓe ƙishirwa take farawa. Na baya ya matso!"

Kun ji ilimi! Mu jahilai muna ta neman a gyara bututu, ashe leɓunanmu ne suka lalace. Allah ya ƙara wa Mai Girma basira.

Wanda ya ba ni tausayi shi ne maƙwabcina mai wanki, Baban Bula. Masu kawo masa kaya duk sun kwashe abinsu, gida ɗaya ya rage masa, gidan Mai Girma. In ya rasa wannan, sai rufe shago.

Yau da safe direban gidan ya zo karɓar farar riga. Baban Bula ya goge ta da dauɗarta, ya ninke, ya ɗora na'urar a kai, ya ce wa direban:

"Ka ce wa mai gida ya manna a leɓe kafin ya saka. Zai ji kamar an wanke."

Na ce, "Baba, ka kashe kanka!"

Ya ce, "Ɗana, da me zan wanke? Da yawu?"

Kafin azahar sai ga tankar ruwa, har da jiniya. Muka fito da gudu, yara na ihu. Ta tsaya a ƙofar Baban Bula, ta cika masa duro shida, ta juya ta tafi. Mu kuwa muna tsaye da jarkokinmu, leɓe na zir-zir.

Uwargida ta ce in daina surutu a jarida, in je Baba ya koya mini guga. Na fara ganin gaskiyarta.