Rasuwar Mai Gyaran Murya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu tabon dalma, nake sanar da dangi da abokan arziki, musamman 'yan uwana masu tara tsofaffin rediyo, rasuwar babban rediyon gidanmu, wanda aka fi sani da Mai Gyaran Murya. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan teburin gyarana, yana da shekara sittin da ɗoriya, bayan gajeriyar rashin lafiya. Rashin lafiyar kuwa ni na jawo masa, ba zan ɓoye ba.

Marigayin irin na da ne, mai akwatin katako da bawul shida, wato 'yan kwalaben gilashin nan da ke yin ja a cikinsa in sun ɗumama. Baba ya kawo shi gida tun ba a haife ni ba, saboda haka a tsarin gidanmu yayana ne. Sai mutum biyu ke ɗaga shi. Bai san gaggawa ba. In ka murɗa makunni sai ya bar ka tsaye kusan minti guda, koren idonsa ya buɗe a hankali, sannan ya yi "hmmmm... ƙrr, ƙrr," kamar magidanci zai shiga gidansa, sai labarai su biyo baya. Daga nan sunan ya samo asali. Gurnanin nan ba ya rabuwa da shi, ko waƙa yake yi yana nan ƙasa-ƙasa.

Shaidar da za a yi masa mai kyau ce. Bai taɓa neman caji ba. Ya kamo mana tashoshin da ba mu jin yarensu, muka saurara don girmamawa. Kyanwa uku sun tsufa a kansa saboda ɗumi. Aibinsa ɗaya, in hadari ya taso sai ya yi ta tari har a rasa wanda ya ci ƙwallo.

Ya rasu ya bar ƙanne goma sha ɗaya a ɗakin gyara, waɗanda na tsinto a gwanjo da ɗakunan ajiyar mutane. Huɗu na magana, bakwai na jiran ranar da zan cika alkawari. Ya bar jika guda, 'yar rediyon batir ta kicin, wadda ba ta gaji komai nasa ba sai surutu. Ya bar maiɗakina, wadda ta shekara ashirin tana cewa ya cinye mata rabin falo, amma ita ta fara sharar hawaye. Ya kuma bar Inna, mahaifiyata, kuma saboda ita ne wannan rashi ya fi ƙarfina.

Shekara tara ke nan da rasuwar Baba, shekara uku da tunanin Inna ya fara gushewa. Jikokinta ba ta gane su, ni ma wani lokaci da sunan ƙaninta take kirana. Amma a zamaninsa Baba ne ke kunna rediyon kowace safiya kafin a karya kumallo, kuma wannan bai fita daga kanta ba. Da na kunna, sautin ya isa ɗakinta, sai ta gyara zama ta ce, "Malam ya tashi. A kawo abin kari." Sai ta ci, ta sha maganinta. Ranar da babu wuta kuwa, sai an yi ta lallashi har azahar. Da wannan rediyon muke ciyar da Inna. Ni duk a zatona muryar mai karanta labarai take ganewa.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Mu masu gyaran tsohon rediyo kunnenmu ya lalace: gurnani a wajenmu cuta ce. Da mun ji shi mun san kondansa ce, 'yar gwangwanin nan mai tace wuta, ta tsufa ta bushe, kuma hannu ya fara ƙaiƙayi. Na daure shekara da shekaru, har ranar da abokina Dogo, wanda muke yawon gwanjo tare, ya zauna a falo ya kasa kunne, ya ce, "Haba malam! Kana gyara na mutane, naka na minshari a gaban baƙi? Wallahi in 'yan uwa suka ji, ba ka da bakin magana." Kunya ta kama ni. Ranar Asabar na kwance bayansa, na cire tsohuwar kondansa, na sa sabuwa. Murya ta fito tas, babu ko ɗigon gurnani. Na yi ta jin daɗin kaina, har hoto na ɗauka.

Washegari na kunna. Inna ba ta nemi abin kari ba. Maiɗakina ta kai mata shayi, ta ture kofin ta ce, "Ku bari Malam ya tashi."

Na ce, "Inna, ga rediyo nan yana magana."

Ta saurara, ta girgiza kai. "Wannan na maƙwabta ne, ɗan nan."

A nan na gane abin da na yi. Abin da na kira cuta na cire, shi ne Baba a kunnenta. Kwana biyu ba ta sa komai a baki ba sai ruwa da cokali biyu na abinci, shi ma da roƙo.

Ranar Talata na zazzage kwandon shara na ɗakin gyara, na nemo tsohuwar kondansar na mayar. Na san ba a yin haka. Na kuma san ba a ba tsoho wuta kai tsaye, sai an bi da ita ta ƙwan fitila a ga ko zai ɗauka. Ni da bakina nake koya wa mutane. Amma hankalina na kan kofin shayin da ke hucewa, sai na jona shi kawai. Idon ya buɗe. Ya yi "hmmmm... ƙrr, ƙrr," cikakke, irin na da. Sannan "fat!" Hayaƙi ya tashi, taransifoma ta ƙone ƙurmus, irin wadda aka daina ƙerawa tun ina firamare. Ɗakin gyara na can bayan gida. Gyaran muryarsa na ƙarshe ni kaɗai na ji.

Na ɗauko ƙannensa huɗu ɗaya bayan ɗaya na kunna wa Inna. Kowanne da irin gurnaninsa, ba wanda ta amsa wa. Likita ya zo ya duba ta. Yanzu tana karɓar loma kaɗan daga hannun maiɗakina, tana ci tana kallon ƙofa. Ina baƙin ciki, ina kuma jin kunyar da ba ta Dogo ba.

An goge gawar da man katako, an lulluɓe ta da farin ƙyalle. Ba za a binne shi ba. Bawul ɗinsa shida za a raba wa ƙannensa marasa magana, akwatin kuma ya koma mazauninsa a falo. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin gyara, ta ƙofar baya, daga la'asar, har kwana uku. Mai zuwa da sukudireba ya bar ta a gida. Mai irin wannan taransifoma ya zo ko ba sallama. An yafe wa Dogo, amma ya zo da bakinsa a rufe.

A ƙarshe, iyali na roƙon kada a yi ta'aziyya a cikin gida, domin ba a faɗa wa Inna ba. Duk wanda ta tare ta tambaya ko Malam ya tashi, don Allah ya ce mata tukuna. Sauran bayanin nawa ne. Na taɓa yi mata shi sau ɗaya, shekara tara da suka wuce, kuma ban san da wane baki zan maimaita ba.

Allah ya ba mu haƙurin rashi.