Rasuwar Gungumen Bugu na Gidan Datti

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni Jamaluddeen Datti, na mabugar bayan kasuwar Kura, nake sanar da 'yan'uwa marina da masu bugu rasuwar gungumenmu na kirya, wanda muke buga turkudi, zanen shuni, a kansa. Ya tsage gida biyu ranar Talata da hantsi, cikin wannan shekara ta 2004.

Marigayin ya girme ni. Kakanmu ne ya saro shi, kuma a kansa Baba ya yi bugu shekara arba'in, har ido ya gaza masa ya koma zaure da zama.

Marigayin mai murya ne. Gungumen gidan Jaji na itacen maɗaci ne, kam-kam yake cewa, da kaifi. Namu kuwa dim, dim, kamar daga cikin rijiya. In shuni ya zauna a jikin zane, ƙyalli ya fito, sai muryar ta ƙara zurfi. Da ita Baba ke gane ko ni ne a kan aiki ko yayana Yusuf, da ita kuma yake sanin gidansa na nan lafiya.

Jinyarsa gajera ce. Ruwan kanal na noman rani ya ɓalle ya shigo mabuga, marigayin ya kwana biyu a ciki. Maimakon in bar shi ya sha iska a inuwa, sai na mirgina shi rana don ya bushe da wuri. Ni na yi, ba Yusuf ba. Da muka koma aiki na ji gungumen yana cewa daf, daf. Na ɓoye wa kowa, na ci gaba da bugu.

Ya bar gudumar tsamiya biyu, da turkudi arba'in da ba a buga ba, da Baba.

Za a kai marigayin gindin tsamiyar ƙofar gida ranar Alhamis bayan la'asar. Muna roƙon Iya ta daina yi masa kallon itacen girki.

Masu zuwa gaisuwa, don Allah ku sassauta murya in kun zo zaure. Baba bai sani ba tukuna, ce masa muka yi zane ne bai iso daga marina ba. Mun aro gungumen darbejiya, kwas-kwas yake yi kamar fasasshiyar ƙwarya. Safiyar Juma'a dole mu koma aiki, kuma bugu ɗaya zai ishi Baba ya gane. Na roƙi Yusuf ya bar mini gudumar farko, don Baba ya ji daga hannuna.