Layin da Ya Tsaya a Tsakiya

Ba zan taɓa mantawa da wani ɗan layi mai lanƙwasa ba, wanda tsawonsa bai kai rabin ɗan yatsa ba, amma saura kaɗan ya raba ni da aikina.

Ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Kebbi ba aka turo ni wata sakandare a Birnin Kebbi in koyar da kiɗa da waƙa. Ina da sabon digiri, ina kuma da ɗari-ɗari (ni ne mutumin da ke kulle ƙofa ya dawo sau uku ya duba). Makarantar na da tsohuwar fiyano da aka daɗe ba a buɗe ba, da waƙar makaranta da wani tsohon malami, Malam Garba, ya tsara. Tun da ya yi ritaya ya koma Argungu waƙar ta kwanta, babu yaron da ya iya ta.

Saura mako uku a yi bikin raba kyaututtuka, shugaban makaranta ya kira ni ofis.

"Malam, ba ni ɓoye ma," in ji shi. "Mutanen ma'aikatar ilimi na son cire darasin ga naka, wai ɓata lokaci ne. Suna zuwa bikin. Ka tada waƙar makaranta, ka raka yara da fiyano su ji. In bai yi ba, sai ka shirya koyar da labarin ƙasa."

Ni da ko taswirar Kebbi ban iya zanawa ba.

A kabad na sami kwafi biyu na waƙar, duk an buga su da injin kwafe takardu a shekaru daban-daban. A rubutun kiɗa, idan aka ja layi mai lanƙwasa kamar gira a kan jerin sautuka, ana nufin a buga su a haɗe, ba yankewa. Inda layin ya ƙare, nan mai kiɗa ke ɗaga hannu, masu waƙa su ja numfashi. To a baiti na biyu, kwafi ɗaya ya tsayar da layin a kan sauti na shida, ɗayan kuma a kan na bakwai.

A jami'a an koya mana cewa in kwafi suka saɓa, a nemi rubutun hannun mai waƙar. Ranar Asabar na hau mota zuwa Argungu. Malam Garba ya karɓe ni a zaurensa, ya sa aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, sannan ya ɗauko takardar daga cikin akwati. Na buɗe baiti na biyu. Layin bai tsaya a kan na shida ba, bai kai na bakwai ba. A tsakaninsu ya tsaya cak.

Na ciro rula na auna. Na ɗaga takardar ga haske. Tsohon na zaune taku biyu daga gare ni, yana kallona.

"Ɗana, akwai abin da ya shige ma duhu?"

"A'a, Baba, komai a fili yake."

(Ina ganin tsoro biyu ne suka riƙe mini baki: kada ya ɗauka ina kushe rubutunsa, kada kuma ya ce ashe mai digiri bai iya karatu ba. Wanne ya fi ƙarfi, har yau ban tantance ba.)

Da na dawo sai na yi abin da a lokacin na kira hikima. Na koya wa ƙananan azuzuwa yankewa a na shida, manya kuma a na bakwai, wai in saurari kowanne in zaɓi wanda ya fi daɗi. Kullum ina cewa gobe zan yanke hukunci. Ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba, don na san ranar da na haɗa su dole in zaɓa.

Ranar biki ɗakin taro ya cika. Mutanen ma'aikata uku a layin gaba, ɗaya riƙe da biro. Kusa da su, cikin farar riga, Malam Garba. Ashe shugaba ya gayyato shi bai gaya mini ba. Na zauna gaban fiyano.

Baiti na farko ya tafi lafiya. Muka shiga na biyu, ina ƙirgawa a zuci. Uku. Huɗu. Biyar. Har a wannan lokacin ban zaɓa ba.

A na shida ƙananan yara suka yanke. Manya suka wuce, suka yanke a na bakwai, daidai lokacin da ƙanana suka dawo. Kowane ɓangare ya zaci shi ya yi kuskure, sai duk suka yi shiru suna kallona. Ni kuwa hannayena biyu suna sama, sun ƙi sauka. Ana jin ƙarar fankar silin. Mai biro ya sunkuya ya rubuta wani abu.

Sai wata tsohuwar murya ta ɗauka daga farkon baitin. Malam Garba ne, a tsaye, ya ja waƙar tiryan-tiryan, bai yanke a na shida ba, bai yanke a na bakwai ba, sai da ya kai ƙarshen baitin. Iyayen da suka yi makarantar a zamaninsa suka amsa, yara suka bi su. Ni ma na lallaɓa na bi su da fiyano, a baya, kamar baƙon da ya makara.

Bayan an tashi, a gaban shugaba da baƙin, ya dafa kafaɗata.

"Ɗana, wanga layi ne kaka aunawa da rula? Ni in zan ja layi, rerawa nikai, inda numfashi ya ƙare nan nika ɗaga alƙalami. Ranar da nir rubuta wanga baiti mura nika yi, tari ya sarƙe ni a tsakiya. Mi ya hana ka ce in rera ma?"

Mai biro ya yi dariya har da riƙe ciki. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Darasina ya tsira, amma sa'a ɗaya kawai a mako aka bar mini, kuma shugaba bai ɓoye mini ba cewa albarkacin tsohon na ci. Sauran sa'o'in na yi su a ajin labarin ƙasa, ina gaba da ɗalibaina da shafi ɗaya.

Abin da na koya, in ma na koyi wani abu, shi ne: in mai rubutu na raye, har ya ba ka tuwo, to ka ajiye rula ka tambaye shi. Kunyar zaure mutum ɗaya ne shaidarta. Ta ɗakin taro kuwa, har yau in na haɗu da tsofaffin ɗalibaina a kasuwa, sai wani ya ɗaga hannu biyu sama ya tsaya cak kafin ya gaishe ni.