Ranar da Na Ɗora Kawu a Sikeli

Ba zan taɓa mantawa ba da aikin lissafin da ya kunyata ni a jami'a, a Damagaram. Malaminmu, da muke kira Mushe, ya ce kowa ya samo wata magana da ake yi kan wasanni, ya auna mutane kaɗan, ya gwada ko lissafi zai gaskata ta. Wanda ya faɗi sai ya maimaita darasin baɗi.

Ni da bakina na miƙe na ce 'yan kokowar Matameye, in aka raba nauyinsu daidai, kowa ya haura kilo tamanin. (Ba wanda ya tambaye ni fa.)

Da aka yi hutu na tafi gida, rani ya tsaya. Ina 'yan kokowa? Duk sun tsallaka Kano da Katsina cin rani. Maimakon in koma in faɗi gaskiya, sai na ari sikelin da ake awon gyaɗa na nufi majalisar Kawu Idi, wanda rabonsa da fili tun ba a haife ni ba.

"Kawu, ai ku ma 'yan kokowa ne ko?"

"Kai yaro! Tambayi mutanen Tsauni, su suka san ƙasar da suka sha."

Haka na auna tsofaffi goma sha biyar, kowa da tumbinsa da babbar rigarsa. Lissafi ya fito tas, har ya zarce abin da na faɗa.

Ranar bayani na cika allo da alƙaluma ina ƙafafa. Don ƙarin armashi har hoto na nuna. Wayyo ni! Ga Kawu a kan sikeli, sanda a hannu, buta a ɗayan.

Rabi, wata 'yar Dungu, ta ɗaga hannu. "Mushe, wannan fa shi ke limancinmu in mun je Matameye biki."

Aji ya kece da dariya. Mushe ya cire tabarau ya ce, "Lissafinka ba kuskure ko ɗaya. Ka tabbatar mana tsofaffin Matameye suna cin tuwo."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na maimaita darasin, na jira damina samari suka dawo, na sake awo, maganata ta faɗi warwas.

Tun daga nan, kafin in tambayi nawa ne a sikeli, sai na leƙa wa ke kai. Kawu kuwa har gobe yana faɗa a majalisa cewa jami'a ta auna shi ta ce shi ne gwarzo.